Taɓon da Yayana Ya Bari

"Ajiye ledar nan!"

Haka na daka mata tsawa daga bakin ƙofa, har matan da ke tsince shinkafa a tsakar gida suka ɗago kai. Matar babban ɗan yayana ce. Ta ɗaure hanci da ɗankwali, tsintsiya a hannu ɗaya, leda a ɗayan. Washegari za mu binne yayana, ita kuma ta shiga ɗakin kifinsa tana share wa baƙi wurin kwana.

"Mama, ƙasa ce fa kawai. Datti."

"Nawa kika zubar?"

"Ban ƙirga ba."

Ni na san nawa ne. Leda goma sha ɗaya ne a kan kantar ɗakin, ni na rubuta takardar da ke manne a jikin kowace ɗaya. Uku suka rage, har da ta hannunta. Na zagaya bayan gida iya saurin ƙafata. Ta juye takwas a juji, masu girki sun zuba toka da ruwan wanke-wanke a kai, aladun maƙwabta kuma sun riga sun tone wurin.

Abin da ta kira datti, busasshen taɓo ne, a cikinsa akwai ƙwan kifi. Wani ɗan ƙaramin kifi ne, bai kai ƙaramin yatsana tsawo ba, na wani kududdufi a gindin dutsen Kagoro. Da damina yake rayuwa. Idan ruwa ya ƙafe iyayen su mutu, ƙwan ya kwanta cikin taɓo yana jiran ruwan sama. Kududdufin nan babu shi yanzu, an cike shi an kafa wurin buga bulo. Abin da ya hana ni ɗaga wa yarinyar nan hannu ranar, yayana ya sha gaya mini akwai irin kifin a gidaje biyu a wasu garuruwa. Na ce to, ba a rasa duka ba. Na kwashe ukun na cusa a jakar da nake zuwa coci da ita.

Da na fito, wata 'yar zumuntar matanmu ta coci ta ce, "Ashe Baba Kifi har ƙasa yake kiwo?" Aka yi dariya, irin wadda ake rufe baki da gefen zane. Wata ta ce, "Shekara nawa yana kiwon kifi, ko na miya bai taɓa ba mutum ba." Wani dattijon ikilisiya da ke zaune gindin mangwaro ya ce da tarwaɗa marigayi ya yi kiwo, da yanzu bene ne a wurin nan. Duk a zaman makokinsa, suna shan kunun gidansa.

Masu tausayi kuma sun fi masu dariya ɓarna. Sati uku gawarsa tana mutuware ana jiran 'ya'ya su taru, kullum gida cike. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya leƙa ɗakin, ya ga kifaye a akwatunan gilas, ya ce, "Ayya, marayu," ya gutsura musu biredi. Wata har tuwon acca ta saka. Ni jinina ya hau, na kwanta kwana huɗu. Kafin in tashi ruwan ya zama fari kamar koko, kifayen duk sun juya ciki sama. Da hannuna na kwashe su. Har yau ban ji wanda ya ce shi ya saka ba.

An buga takardar jana'iza mai hotonsa, shafi biyu na tarihinsa da Turanci. An karanta mini. Ya yi aikin reluwe, ya yi aure, ya haifi biyar, dattijo ne a ikilisiya. Kifi layi ɗaya. Ni ba a ba ni lasifika ba, wai zan yi tsawo. Shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Na haura sittin kafin in koyi rubutu, hannuna ba kyau, wanda ya ga dama ya karanta.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya nake ce masa har ya mutu. A reluwen Kafanchan ya yi aiki, wajen famfon da ke ba jirgi ruwa. Wani injiniya baƙo da zai koma ƙasarsu ya bar akwatin gilas da kifi a kwatas, kowa ya ƙi ɗauka, Yaya ya ɗauko a ka ya kawo gida. Mahaifiyarmu ta leƙa ta ce, "Sai sun girma?" Ya ce, "Sun gama girma." Ta ce, "To mene ne amfaninsu?" Ya ce, "A kalle su." Ba ta ƙara yi masa maganar ba. Amma na sha ganinta ta ja kujera gaban gilas ɗin idan ba ya gida.

Ashe akwai irinsa a wasu garuruwa. Akawu a Inugu, malamin makaranta a Jos, likita a Ibadan, 'yan kasuwa a Legas, kowane gari da ɗan kulob ɗinsu na masu kiwon kifin ado. Kafanchan kuwa mararrabar jirgi ce, wasiƙa da kwalbar kifi duk ta hannunsa suke wucewa. Da suka ce za su haɗu ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya ta ƙasa, shi suka sa ciyaman, suka kuma bar shi a kai har tsufa, domin babu mai son aikin. Aikin shi ne amsa wasiƙa, raba faɗa, da tsayuwa a tasha. Da jirgi ya daina zuwa ya koma tashar mota. Direbobi sun san shi. "Baba, yau ruwa ne ko ƙasa?" Idan ruwa ne sai ya tsayar da direba ya yi masa wa'azi: kada a sa a but, kada a sa kusa da inji, idan an tsaya cin abinci a Jere a faka a inuwa.

"Ni ruwa nake kiwo," haka yake cewa, "kifi ya san yadda zai yi da kansa." Duro shida yake da su a bayan gida na ruwan sama, ba mai taɓawa komai tsananin rani. Na taɓa ɗiban bokiti ɗaya in wanke kai, ya biyo ni har gidana da faɗa. Ba ya tarar ruwan farko, ya ce wankin rufi ne. Ruwan bohol ba ya shiga ɗakin. Idan ka shafa mai ba ka sa hannu a gilas. Yakan ɗebi ruwa a kofi ya shinshina ya ce gobe wannan zai lalace, kuma ya lalace.

Akwai tukwane uku da yake tara tsutsar sauro a ciki, abincin kifin ke nan. Maƙwabta suka kai ƙara, duba-gari ya zo da takarda zai ci shi tara. Yaya ya ba shi kujera, ya tace tsutsar da rariya, ya zuba a gilas, kifayen suka cinye a gabansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, saurona ba ya kai ga yin fiffike. Je ka duba kwatar masu ƙara." Duba-garin ya tafi da kifi biyu a kwalba. Bayan shekara ya shiga kulob.

Wata shekara aka yi babban mitin ɗinsu a nan Kafanchan, a ajin wata firamare. Ni na dafa musu, ina shiga da kuloli ina fita. Mutanen Legas suna so a mai da hankali kan kifin da ake kawowa daga waje, a yi gasa, a ba da kofi, a sayar. Yaya yana so a riƙa tsince ƙananan kifayen ƙasarmu kafin su ƙare. Mataimakinsa, wani mai ƙiba daga Legas, ya tashi yana nuna shi da yatsa. Turanci yake yi, ba na ji sosai, amma na ji ya ce kifin kwata, kuma na ga an yi dariya. Yaya ya fita, ya hau kekensa, ya dawo da kwalba ɗaya, ya ajiye ta a bakin taga inda rana ke shigowa. Namiji ɗaya ne a ciki, na kududdufin Kagoro. Da rana ta buge shi ya buɗe jiki, ja da shuɗi, bakin wutsiya kamar an zana da alli. Duk suka tashi daga benci suka taru a taga, har mai ƙiban. Yaya ya ce, "Na waje idan ya mutu jirgin sama zai kawo wani. Wannan idan ya mutu wa zai kawo?"

A ranar suka sa doka, aka rubuta a littafin ƙungiya. Duk kifin da aka samo a ruwan ƙasar nan, sai an riƙe shi a gida uku, a gari uku. Idan na gida ɗaya ya mutu, sauran biyun su aika masa. Ba a sayarwa. Kowa ya ɗaga hannu. Na gani da idona, ina riƙe da ludayi.

Kada wani ya ce na zo in wanke shi. Ina da abin da nake riƙe da shi, kuma mutuwa ba ta goge ba. Lokacin da matarsa take kwance a asibiti, ciki ya kumbura, likita ya ce a tara 'ya'ya, sai ga saƙo wai kulob ɗin Inugu da na Legas za su rabu a kan wa zai riƙe kofi. Yaya ya ɗauki jaka. Na tare shi a ƙofar asibiti na ce, "Ina za ka?" Ya ce kwana biyu ne. A kwana na biyun ta cika. Ni na rufe mata ido, babban ɗansa yana riƙe da ƙafarta. Da ya dawo ya tsaya a tsakar gida da jakar a hannu, ya ce, "Ita ta ce in tafi." Na ce, "Ta ce ka tafi ne domin ta san za ka tafi." Ƙungiya ba ta rabu ba, sun yi masa tafi. Ni shekara biyu ban taka gidansa ba. Ɗan nasa kuwa tun daga ranar bai ƙara shiga ɗakin kifi ba, ya tafi Abuja ya yi zamansa.

Yaya ne ya zo wurina. Lokacin na shiga ajin manya a coci, muna koyon baƙi da wasali, 'ya'yana na cikina suna ɗaukar littafina suna dariya wai kaza ta bi ta kai. Yaya ya shigo da biro da salatif ya zauna, bai gaishe ni da kyau ba ma. Ya ce hannunsa ya fara rawa, ba ya iya rubuta takardar leda, kuma idan aka rasa ranar da aka busar da taɓo da ranar da za a jiƙa shi, an kashe ƙwan. Ya ce yana neman marubuci. Na ce ya je ya nemi 'yan ƙungiyarsa. Ya ajiye biron ya tafi. Bayan sati ɗaya na je. Takardar farko na ɗauki kusan awa ina rubutawa, yana tsaye yana kallon taga, bai ce in yi sauri ba. Sai can da daɗewa na gan shi yana kama jaririn kifi da cokalin shayi, abin da bai kai gashin ido ba, hannun ko motsi. Na ce, "Yaya, ina rawar?" Ya ce, "Tana zuwa tana tafiya." Ƙarya yake. Shekara goma sha ina yi masa rubutu, da haka na iya karanta Littafi Mai Tsarki da kaina.

Ranar jana'iza mutanen uwar ƙungiya suka iso da bas, su kusan goma, sun yi anko mai zanen kifi. Mataimakin nan ya ƙara ƙiba. Shi an ba shi lasifika. Ya yi kuka, ya share ido da hankici, ya ce Baba uba ne ga dukan masu kifi na ƙasar nan. Ba a gama rufe kabari da kyau ba ya ja babban ɗan gefe, ya ce a ba shi hatimi da littafin ƙungiya. Littafin yana hannuna, dole aka kira ni. Ɗan yayana ne yake fassara tsakaninmu.

Na buɗe shafin kifin Kagoro. Na ce, "Ka tambaye shi. An rubuta gida uku. Na nan, da na Jos, da na Ibadan. An zubar mana da leda takwas. Yaushe za su aiko mana?"

Ɗan ya faɗa. Mataimakin ya dubi wani siriri da ke tsaye a bayansa, shi ne na Jos, yana jin Hausa sarai. Siririn ya dubi takalminsa.

Na ce, "Malam, da kai nake."

"Mama, gaskiya abin ya yi wuya. Ba wuta, ba ruwa. Na koma tarwaɗa."

"Tun yaushe?"

"Ya kai shekara uku."

"Na Ibadan fa?"

Mataimakin ya yi magana doguwa. Ɗan yayana ya gajarta mini, ya ce likitan ya yi tafiya wani rani, kafin ya dawo duk sun mutu, an daɗe. Kowa a ƙungiya ya sani. Ba su so su ɓata wa Baba rai ba ne.

Na sake duban shafin. Kowace Kirsimeti Yaya yakan kira su a waya, ni ina zaune da biro. Sai ya ajiye wayar ya ce, "Rubuta. Jos lafiya. Ibadan lafiya." Ga shi nan da hannuna, layi bayan layi, lafiya, lafiya. Ni suka sa na rubuta ƙaryar. Da sun faɗa, yana da ƙwai fal a kan kantarsa, da ya aika wa wasu. Saboda wannan ƙungiya ya bar matarsa ta mutu ba ya nan, su kuma ba su iya buɗe baki su ce Baba, kifi ya mutu ba.

Na ce wa ɗan, "Gaya masa na ce su matsorata ne, ankonsu ma bai yi kyau ba." Bai fassara ba. Na ce wa na Jos, "To kai ka gaya masa."

Da mataimakin ya gane leda uku ne suka rage a duniya, sai hawayen ya bushe. Ya ce bisa doka ƙwan na uwar ƙungiya ne. Ya ce akwai Turawa da suka daɗe suna nema, za a yi gwanjonsu a mitin na bana, a sayi babban kofi a sa sunan Baba. Na ce dokar ta ce ba a sayarwa. Ya ce za a gyara dokar.

Ɗan yayana ya gaji. Ya ce, "Gwaggo, ba shi kawai. Kifin nan ya ci uwata, ba zai ci ni ba."

Ban zage shi ba, ina wurin ranar da yake magana a kai. Na rungume jakata na ce takarda ta nuna saura sati biyu a jiƙa taɓon, idan aka ɗauke shi cikin zafin nan har Legas zai dahu a mota. Mataimakin ya san gaskiya ne. Ya ce to, in jiƙa, duk abin da ya fito zai turo direba. Ɗan ya ba shi hannu a kan haka. Na ba su hatiminsu da littafinsu, amma na yage shafin nan tukuna.

Sai matsalar ruwa. Duro shidan nan masu girkin makoki sun wanke tukwane da su, sun zuba omo, ɗaya ma sun jiƙa wake a ciki. Sama kuwa ko hadari babu. Kullum ina fita in duba gabas, ranar da ke kan takarda tana matsowa.

Kwana biyar bayan jana'iza wani tsohon Bafulatani ya sauka daga acaɓa a ƙofar gida, da sandarsa. Wata cikin masu zaman makoki ta ja jikanta ciki. Yanzu haka muka zama a ƙasar nan. Ni na san shi. Shanunsa ne suke shan ruwa a kududdufin da. Shi ya fara gaya wa Yaya cewa akwai wurin da rani ƙura ce, da damina kifi. Yaya ya ce masa maƙaryaci. Suka jira damina tare, suka je, Yaya ya shiga ruwa har gwiwa da wandon coci. Tun daga nan ba su rabu ba.

Na shimfiɗa masa tabarma. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a irin tasu. Sannan ya ce, "Ƙanwar Malam, ina ƙananan?"

Mutum ɗari nawa suka shigo gidan nan, shi kaɗai ya tambaya. Na gaya masa duka. Bai ce komai a kan kowa ba. Ya ce akwai wani ido a kan dutse da ba ya ƙafewa, can Yaya yake ɗiba idan duro ya ƙare, amma ƙafata ba za ta hau ba. Bayan kwana biyu ya dawo da jarka biyu a bayan acaɓa. Ya ce sababbi ne, ba su taɓa ganin mai ko kananzir ba, kuma da yashi ya wanke su, bai sa sabulu ba. Na ce ya ci abinci. Ya sha ruwa kawai ya tafi, ya ce shanu na jira.

Ɗan yayana bai koma Abuja ba tukuna, yana neman wanda zai ba hayar gidan. Ni kuma da ranar jiƙa ledar farko ta zo, na shiga ɗakin kifi da safe na rufe ƙofa. Na wanke roba uku. Na juye ledar farko, na marmasa taɓon da yatsa yadda Yaya yake yi, na zuba ruwan dutse a hankali ta gefen roba. Yaya yakan ce awa biyu ko uku sun isa. Na zauna har azahar. Babu komai, sai kumfa.

Washegari na jiƙa ta biyu. Tana shan ruwa wari ya tashi, na san ta ruɓe tun a leda. Na fita na zauna gindin mangwaro na zagi Yaya da yarenmu, da ƙarfi, har matar ɗan yayana ta leƙo ta koma. Na ce ka yarda da maƙaryata, ka bar ni da laka.

Ta uku na kwana biyu ina kallonta ban taɓa ba. Ranar da takardarta ta ce, ranar na jiƙa. Na ja kujera na zauna. Idona ba ya gani da kyau, tabarauna kuma na karatu ne. Ina ta kallon ruwa, ban san ko abin da nake gani tsaki ne ko ƙura ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ƙwanƙwasa. Ɗan ne, yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya bai sa ciki ba, waya a hannunsa.

"Gwaggo, mutumin Legas. Sau uku ke nan yana kira. Wai direba yana Kaduna, yana iya biyowa gobe. Me zan ce masa?"

"Ban gani ba. Zo ka duba mini."

"Gwaggo."

"Shigo. Ɗaki ne, ba ya cizo."

Ya shigo. Ya tsuguna da wandonsa mai guga. Ya kunna fitilar waya, bai haska daga sama ba, ya kwantar da ita a gefen roba. Ban koya masa ba, tun yana yaro ubansa ya koya masa. Ya sunkuya yana leƙa ruwan.

"Akwai abin da ke motsi."

"Nawa?"

"Tsaya mana." Yana nunawa da yatsa, bai taɓa ruwan ba. "Shida. Bakwai. Ga wani a ƙasa. Tara, Gwaggo. Tara ne."

Wayar ta fara kuka a hannunsa, sunan mutumin a kan gilashinta.

Ni 'yar zumunta ce, na san abin da Littafi ya ce a kan ƙarya, zan kuma je in gaya wa fasto da bakina. Wannan da nake rubutawa da Hausa ne, mai ƙiban ba ya ji. Na Jos yana ji, amma ya san abin da zan faɗa a kansa idan ya buɗe baki.

Na ce, "Ɗauka. Ka ce masa babu. Ka ce duka ukun sun ruɓe, ko ɗaya bai fito ba. Ya rubuta a littafinsu."

"Na ba shi hannu, Gwaggo."

"Su ma sun ɗaga wa ubanka hannu."

Ya dubi robar. Ya dube ni. Wayar ta katse, ta sake farawa. Ya tashi tsaye, ya juya wa robar baya, ya danna, ya faɗa masa da Turanci.